Amanar da Aka Share da Sunan Sabunta Windows

Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, aka buɗe wa wasu mutane ƙofar cin abinci wadda ba su san haƙƙinta ba, har ya zamana duk yaron da ya mallaki filash guda da tebur a bakin titi ya ɗauki kansa injiniya, alhali kuwa iyakar iliminsa danna maɓalli har aiki ya ƙare. Na daɗe ina haɗiye takaicin wannan al'amari, amma abin da ya sami wani dattijo da ya zo shagona ya wajabta mini magana.

Shi dai wannan bawan Allah tsohon malamin Arabiyya ne, wanda tun da ya yi ritaya ya duƙufa wajen tattara tarihin zuriyarsu, yana bin dangi gari gari, yana ɗaukar hoton tsofaffin wasiƙun ajami da takardun gado, yana naɗar muryoyin tsofaffi waɗanda da yawansu yanzu sun riga mu gidan gaskiya, sa'an nan yana rubuta sharhi a kansu da hannunsa. Duk wannan wahala tana cikin kwamfutar gida guda ɗaya, 'yar gwanjo ƙirar HP mai Core i5 zubi na shida, wadda jikoki ke kallon fim a kanta in ya tashi. Da saƙon ƙarewar wa'adi ya dame shi, sai ya ba jikansa ita ya kai a sa mata sabuwar Windows, shi kuwa yaro, don ya rage wani abu daga kuɗin aikin, ya zarce da ita wurin masu tura waƙoƙi a waya.

Abin da aka yi mata a can ba ya ɓuya ga mai sana'a. Na'urar ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, domin Microsoft ya shar'anta TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, saboda haka gwanin naku ya haɗa filash da manhajar Rufus, ya tsallake binciken, ya kunna ta daga filash ɗin, da ya iso wurin zaɓen ɓangarori kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sharewa, har da ɓangaren D inda malam ya killace aikinsa yana zaton nan ne wuri amintacce. Bai tambaya ba, bai leƙa ba, bai kwafi ko fayil guda ba. Sa'an nan, don ya nuna karamci, ya ɗura mata Office na sata da wasanni da fina-finai a matsayin gyara.

Malam ya shigo da ita nannaɗe cikin tsohon rawani, ya ajiye a kan tebur a hankali, ya ce, “Ɗana, an ce kai kana dawo da abin da ya ɓata.” Na ce, “Allah gafarta Malam, ku zauna mu duba, amma ku gaya mini, tun yaushe aka yi aikin?” Ashe an yi makonni ana amfani da ita, jikoki suna ta sauke abubuwa, shi kuma yana ta neman jakar rubutunsa yana tsammanin idonsa ne ya gaza. Da na kwance ta na tarar SSD ce a ciki, sai jikina ya mutu, gama na san TRIM, mai goge abin da aka share daga irin wannan faifai, ya riga ya gama aikinsa tun ranar farko. Duk da haka na ɗauki hoton faifan na bi shi da duk manhajar ceto da nake da ita, ba abin da ya fito sai tarkacen sabuwar Windows da fina-finan gyara. Abin da ya tsira kaɗai shi ne 'yan shafukan da ya taɓa aika wa wani almajirinsa ta WhatsApp. Da na faɗa masa, ya cire tabarau, ya yi istirja'i, ya daɗe yana shafa murfin kwamfutar, kana ya tambaye ni nawa ne kuɗin wahalata.

Na sa aka kira mini yaron da ya yi aikin. Amsarsa ita ce, “Oga, ai ba a ce mini da kaya a ciki ba, kuma sabuwar Windows ai sai da fomatin.” Wannan shi ne jahilci murakkabi. Ƙarya ce. Ana ɗaukaka Windows daga cikinta fayiloli na nan daram, har ta ajiye tsohuwar a Windows.old tsawon kwana 10 don mai son komawa. Ko da lalura ta sa a yi sabon zubi, me ya kai hannunka ɓangaren D? Kuma wace kwamfuta ce ake kawowa daga gida babu kaya a cikinta? Malaman fiƙihun Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka damƙa masa ya kaɗaita da shi, to amma da me za a biya muryar wanda ya rasu?

Babban abin baƙin ciki ma shi ne babu wata gaggawa da ta tilasta wannan gyaran gangar Auzinawa, tun da Microsoft ya buɗe wa masu kwamfutar gida shirin ESU na ƙarin gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026, wanda da an shigar da malam cikinsa da ya sami sararin yin shawara a natse. Ban ce a zauna a kan manhajar da aka daina kula da ita ba, domin wanda ya ga ɓarnar da muguwar manhajar WannaCry ta yi a watan Mayu 2017, har asibitocin Ingila suka tsaya cik, ba zai ba da wannan fatawa ba. Amma tilasta Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba shi ma kasada ce, gama kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce mata sabuntawa ba. Wadda ta tsufa ƙwarai a sa mata Linux Mint ta ci gaba da hidima.

Ku ma masu kwamfuta kuna da naku kason laifin, kuma ba zan ɓoye muku ba. Mutum ya yi shekaru yana tara abu, ya kasa sayen faifan waje guda, sa'an nan ya miƙa wa yaro ya kai inda ya ga dama saboda neman araha! Ɓangaren D ba ajiya ba ce, faifai ɗaya ne da C, abin da ya ci wannan zai ci wancan. Ku nemi makullin BitLocker mai lamba 48 ku rubuta a takarda tun kafin a taɓa komai. Kada a fara aiki da mataccen batir ana dogaro da wutar NEPA. Ku bincika direban tsohuwar firintarku. Manhajar kunna Windows ta sata kuwa, sau da yawa ɓarawo ne kuka shigar gida da hannunku.

A kwafi kaya a wuri biyu kafin kwamfuta ta bar gida, a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. Kada a aiki yaro. Wanda bai tambaye ku abin da ke ciki ba kafin ya soka filash, ku karɓe kayanku ku tafi. In kuwa an riga an share, a kashe ta nan take, kada a ƙara kunnawa, a kawo ta a ranar. Na sake faɗa, a kwafi kaya tukuna.