Yadda Ake Haɗa Fom Ɗin PDF Da Ake Cikewa A Waya Ta Amfani Da Scribus

Har yanzu makarantu, ƙungiyoyi da ƙananan kamfanoni da yawa suna tura fom ta WhatsApp a matsayin hoto ko PDF na yau da kullum. Wanda aka tura wa sai ya je shagon kwamfuta a buga masa, ya cike da biro, ya ɗauki hoto, sannan ya mayar. Kuɗi sun tafi, lokaci ya tafi, kuma sau da yawa rubutun ba ya karantuwa. Fom mai guraben cikewa yana kawar da duk wannan wahala, domin mutum zai buɗe shi a wayarsa, ya rubuta a ciki kai tsaye, ya tura.

Wace manhaja ake bukata?

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, kuma manhajarsa ta InDesign tana haɗa irin wannan fom tun daga fitowar CS6 a 2012. Sai dai ita ta kuɗi ce. Scribus kuwa kyauta ce, tana aiki a Windows, Linux da macOS, kuma da ita wannan darasi zai yi aiki. A kwamfuta ake haɗa fom ɗin, waya ta cikewa ce.

Mataki na 1: Tsara shafi

A buɗe sabon shafi mai girman A4. A rubuta sunan makaranta ko ƙungiya a sama, sannan tambayoyin: suna, ranar haihuwa, lambar waya, adireshi. Tunda a waya za a cike, a jera tambayoyin daga sama zuwa ƙasa a layi ɗaya, kuma a bar tazara tsakaninsu yadda yatsa ba zai taɓa gurbin da ba a nufa ba.

Mataki na 2: Saka gurabe

A jerin kayan aikin PDF Tools akwai nau'o'in gurbi. Text Field na rubutu ne, kamar suna. Check Box ƙaramin akwati ne da ake yi wa alama. Combo Box yana sauko da jerin zaɓi, ya dace da tambaya irin ta jiha ko aji. A zaɓi wanda ake so, a ja shi da linzami a gaban tambayar.

Mataki na 3: Saita kowane gurbi

Idan aka danna gurbi sau biyu, tagar Field Properties za ta buɗe. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne suna. Dole kowane gurbi ya samu nasa daban, misali suna_ɗalibi da suna_uba ba za su zama “suna” duka biyun ba. A tsarin PDF, gurabe biyu masu suna ɗaya ana ɗaukarsu a matsayin abu guda, don haka duk abin da aka rubuta a na farko zai bayyana a na biyu. 

A wannan taga kuma ake saka Required ga tambayar da ba a yarda a tsallake ba, a ƙayyade adadin haruffa, kamar 11 ga lambar wayar Najeriya, a kuma kunna Multi-Line ga adireshi mai tsawo.

Mataki na 4: Fitar da fom

A shiga File, sai Export, sai Save as PDF. A zaɓi PDF 1.4 ko 1.5. Kada a zaɓi PDF/X, domin shi an yi shi ne don injin buga littattafai, ba don fom mai cikewa ba.

Gwaji a waya kafin a tura

Fom ɗin da ya yi kyau a kwamfuta zai iya ba da matsala a waya, don haka a gwada shi da Adobe Acrobat Reader da kuma Google Drive. Abubuwa uku ake dubawa.

Na farko, haruffa masu lanƙwasa. Tsofaffin salon rubutu na PDF irin su Helvetica da Times ba su da ƙ, ɗ da ɓ. A rubuta Ɗanladi ko Ƙofar Mata a gurbi, a ga ko sun fito daidai. Idan ba su fito ba, a canza salon rubutun gurbin, ko a rubuta a saman fom cewa a yi amfani da k, d, b.

Na biyu, lissafi. Scribus na iya sa gurbi ya tara kuɗi da kansa, amma wannan yana dogara da JavaScript, wanda manhajojin waya da yawa ba sa aiwatarwa. Kada a dogara da shi wajen jimillar kuɗin makaranta.

Na uku, adanawa. A cike fom, a adana, a rufe, a sake buɗewa, a tabbatar amsoshin suna nan.

A ƙarshe, fom ɗin da aka cike yana yawo daga waya zuwa waya. Kada a nemi lambar NIN ko BVN idan ba dole ba, kuma a gaya wa masu cikewa su tura wa mutum ɗaya da aka ware, ba cikin guruf ba.