Kalmar “Dojo”: Asalinta da Neman Takwararta a Hausa

Gabatarwa

Masu wasan judo da karate, ko'ina suke a duniya, suna kiran ɗakin da suke koyo a ciki da suna dojo. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a gano asalin kalmar, sa'an nan a duba yadda ya dace a faɗe ta da Hausa.

Asali

Kalmar ta Japananci ce, kuma harɗaɗɗiya: do na nufin hanya, jo kuwa wuri. Mabiya addinin Buddha suka fara amfani da ita a madadin kalmar Sanskrit, bodhimanda, wato gindin bishiyar nan ta Bodh Gaya a Indiya, inda suka yi imani cewa Buddha ya sami wayewa. Addinin ya isa Japan a ƙarni na 6, daga nan sunan ya koma kan ɗakunan ibada da tunani.

Daga baya masu koyar da takobi da kokawa suka ari kalmar. A 1882 Jigoro Kano ya buɗe makarantar judo ta farko, Kodokan, a cikin wani ɗakin ibada mai suna Eishoji a Tokyo. A 1964 judo ya shiga gasar Olamfik. Duk da haka ladabin asali bai gushe ba: har yau sai an tuɓe takalmi an rusuna kafin a shiga.

Kwatanci da Hausa

Mai fassara zai yi saurin cewa fage. To, amma a garinmu Kutama, ta ƙasar Gwarzo, fage shi ne sarari da aka share domin kokawa ko dambe, da kiɗa da kirari da 'yan kallo. Daga nan ne ma'anarsa ta bunƙasa har muke cewa fagen ilimi. Ashe ke nan tafiyar kalmomin biyu ta saɓa: fage ya tashi daga wasa ya isa ilimi, dojo kuwa daga ibada ya gangaro wasa. Abin da ya fi kusa da do shi ne ɗariƙa, wadda ita ma a Larabci hanya take nufi.

Kammalawa

A ganina zauren horo ya fi dacewa, domin a zaure ne almajiri ke tuɓe takalmi ya gurfana gaban malaminsa. Fage wurin nuna bajinta ne, dojo kuwa wurin gyaran hali. Saura gyara, wannan na malamaina ne.