Amsoshin Tambayoyinku: Gidan tarihin fasahar Japan da Sin da ke Paris

Wani mai sauraronmu daga Magamar Jibiya, bakin iyakar Najeriya da Nijar, ya ce ɗansa zai tafi karatu Faransa, yana tambaya ko akwai inda yaron zai ga aikin hannun mutanen Japan da Sin da idonsa.

To Malam, mun gode, Allah ya ba yaro ilimi mai amfani. Akwai kuwa. Ka ce masa ya nemi gidan tarihi na Cernuschi, kusa da lambun Monceau a birnin Paris. Mai gidan, Henri Cernuschi, attajiri ne ɗan asalin Italiya. Daga 1871 zuwa 1873 ya zaga Japan da Sin yana sayen kayan tagulla da tangaran, ya dawo da kaya kusan 5,000. Da ya rasu a 1896 ya bar wa hukumar birnin gidan da duk abin da ke ciki, aka buɗe wa jama'a a 1898.

Abin da zai fara tsayar da yaron shi ne mutum-mutumin Buda na tagulla da aka ɗauko daga unguwar Meguro a Tokyo, tsayinsa ya haura mita 4. Kallon gwanintar maƙera ne, ba bauta ba. Ni dai na fi so ya daɗe a gaban tukwanen tagulla na Sin, wasunsu sun haura shekara 3,000.

Kallon kayan dindindin kyauta ne, amma ranar Litinin ba a buɗewa.