Man Dizal Iri-Iri Ne

Mutane da yawa sun ɗauka dizal duk ɗaya ne, in dai ya shiga tanki inji ya tashi, shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Mai tirela da mai injin niƙa da mai janareta, kowa ya kamata ya san abin da yake ɗura wa injinsa.

Da farko a fahimci yadda injin yake. Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙago shi, ya samu injinsa ya yi aiki sosai a 1897. Injin dizal ba shi da fulogi irin na motar fetur. Iska ake matsewa har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Saurin kamawar nan ana auna shi da lambar siten. A ƙasashen Turai doka ta ce kada ta gaza 51, a Amurka kuwa 40. In ta yi ƙasa, inji zai yi wuyar tashi da safe, ya riƙa ƙwanƙwasa yana tuttuɗo hayaƙi.

Amurkawa sun kasa dizal aji-aji. Lamba 1 tsararo ne, ɗan'uwan kananzir, ana amfani da shi lokacin hunturu, domin a tsananin sanyi kakin da ke cikin dizal yakan daskare ya toshe filta. Wannan bai dame mu ba, sanyinmu na hunturu bai kai can ba. Lamba 2 shi ne gas ɗin da muka sani a gidajen mai, na manyan motoci da taraktoci da janareta. Lamba 4 mai kauri ne, na manyan injuna masu juyawa a hankali. Can ƙasa da shi akwai baƙin mai, wanda masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa ƙonawa a tukwanen tururinsu. Shi wannan sai an ɗumama shi yake gudana, ba na mota ba ne ko kusa.

To, abin da ya shafe mu ƙwarai shi ne farar wuta. Tana cikin ɗanyen mai tun daga ƙasa, matata ce ke rage ta. In ta yi yawa, hayaƙin yakan cutar da huhu, ta kuma haɗu da danshi ta zama guba mai cin ƙarfe, ta lalata man juye tun kwanansa bai kai ba. Turai ta ƙayyade ta kashi 10 cikin miliyan tun 2009. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan, Public Eye, ta fallasa yadda 'yan kasuwa ke kawo wa Afirka ta Yamma dizal mai yawan farar wuta da ba za a yarda a sayar a Turai ba. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan. Amincewa a takarda daban, abin da ke fitowa daga bakin famfo daban.

Tsohon injin Lister na niƙa haƙuri gare shi, kusan duk abin da aka ba shi yana sha. Motocin zamani masu injekta ta lantarki ba su san wannan haƙuri ba. Ɗan datti ko ɗigon ruwa ya isa ya kashe nozul, kuɗin gyara kuwa ya ninka rangwamen da aka samu wajen 'yan bumburutu sau da yawa. Algus da kananzir shi ma ɓarna ne, don yana rage santsin da famfon mai ke dogaro da shi. Kada kuma a ruɗu da launi, mai haske ba lalle ne ya zama mai kyau ba.

In ana shakkar mai, a zuba kaɗan cikin kwalba mai tsabta a bar shi ya kwana. Ruwa ya fi dizal nauyi, in akwai shi zai kwanta a ƙasa tare da laka. Masu ajiya a duro kuma su rufe shi ruf, su ɗan karkata shi, su riƙa tsiyaye gindinsa, musamman da damina.