Amsar Tambaya: Neman Tallafin Karatu na Chevening

Chevening tallafi ne na gwamnatin Birtaniya, tun 1983, domin digiri na biyu na shekara ɗaya. Yana ɗaukar kuɗin makaranta, na jirgi da na masauki da abinci.

Sharuɗɗansa su ne digirin farko, aikin shekara 2 (sa'o'i 2,800), da alkawarin komawa gida na shekara 2. Yawanci ana buɗe rajista a watan Agusta. Mai nema ya zaɓi kwasa-kwasai uku.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne rubutun bayanin kai. Wanda ya ce shi shugaba ne bai faɗi komai ba. Wanda ya nuna yadda ya haɗa matasan unguwa suka gyara rijiyar burtsatse, shi ake kira ganawa. Neman tallafin kyauta ne, ba a biyan dillali.