Zaɓen Sassan Kwamfutar Wasanni da Kuɗi Ƙalilan: Nazarin Dacewar Sassa da Juna

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda ake zaɓen sassan kwamfutar tebur ta yin wasannin bidiyo idan kuɗin da ke hannu ba su da yawa. An ɗauki tsarin AM4 na kamfanin AMD da wasu katunan hoto guda uku a matsayin misali, aka kwatanta su ta fuskar aiki da cin wuta da dacewa da juna. An nuna cewa tara sassa masu araha ba shi ke samar da kwamfuta mai araha ba, domin sassa biyu masu sauƙin kuɗi kan haɗu su tauye juna. An kuma auna zaɓen da yanayin wutar lantarki da zafi da ƙura na ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar tebur ba dunƙulallen abu ba ce kamar wayar hannu. Tarin sassa ce da kamfanoni daban-daban suka ƙera, mai saye ya zaɓo su ɗaya bayan ɗaya a harhaɗa masa. Kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, da dala kuma ake sayo su. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Saboda haka kuskure guda a wajen zaɓe ba ƙaramar asara ba ce ga ɗalibin da ya yi shekara yana tari, ko matashin da ya ranto jari don buɗe gidan gem. Farashin da za a ambata a nan na dala ne, wanda kamfani ya sanya ranar da kayan suka fito.

Akwai buƙatar a daidaita kalmomi tun da farko. A bakin masu gyara an fi jin kalmomin aro irin su furosesa da madabod da fawa-fak. A wannan muƙala an yi amfani da masarrafi da uwar allo da akwatin wuta a madadinsu. An bar kalmar ram yadda take, domin ta riga ta zauna a bakin duk mai riƙe da waya, ƙirƙira mata wata kuwa wahala ce kawai.

2.0 Inda Nauyin Aiki Yake

Wasan bidiyo jerin hotuna ne da ake zanawa nan take. Kafin motsi ya yi santsi a ido, ana son hotuna 60 a kowane sakan, wato dole a gama kowane hoto cikin kashi ɗaya bisa sittin na sakan. A wannan ɗan lokaci masarrafi zai lissafa inda ƙwallo ta nufa da yadda 'yan wasa ashirin da biyu za su motsa, sannan ya miƙa wa katin hoto ya zana ciyawa da inuwa da fuskoki. Idan ɗaya ya makara, ɗayan jira zai yi. Tafiyar tamkar ta ayari ce, inda dabbar da ta fi rauni ke yanke tsawon zango.

A yawancin wasanni katin hoto ne ke ɗauke da kaya mafi nauyi, kuma nauyin yana ƙaruwa da yawan ɗigon da ke kan allon kallo. Allo mai ma'aunin 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Wanda ake kira 4K yana da 8,294,400, ninki huɗu cif. Mai kuɗi ƙalilan da ya tsaya a ma'aunin farko ya riga ya rage wa kansa babban kaso na kashe kuɗi. Abu na biyu shi ne sanin wasan da za a yi. Valorant da eFootball da GTA V ba sa buƙatar abin da Cyberpunk 2077 ke buƙata, don haka sayen kati kafin a san wasa tamkar yanka yadi ne kafin a auna mai riga.

3.0 Katunan Hoto Guda Uku

Na farko shi ne Radeon RX 580, wanda ya fito a shekarar 2017. Mai gigabait 8 na ma'adanar hoto ya yi suna ƙwarai, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi a kayan hannu. Sai dai yana cin wat 185. Na biyu shi ne RX 6600 na watan Oktoban 2021, wanda ya fito a kan dala 329. Shi ma gigabait 8 gare shi, amma wat 132 yake ci, kuma ya yi wa na farko nisa a sauri. Na uku shi ne RX 6500 XT na watan Janairun 2022, mai dala 199 da gigabait 4.

Wanda ya dubi lambobi kawai zai ɗauka 6500 ƙanin 6600 ne da ɗan bambanci kaɗan. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin shi ne ginshiƙin wannan nazari.

3.1 Yadda Araha Biyu Ke Tauye Juna

Katin hoto yana magana da sauran kwamfuta ta wasu layuka da ake kira PCIe. Kowane layi a zubi na 3.0 yana ɗaukar kusan gigabait ɗaya a sakan, a zubi na 4.0 kuwa ninki biyun haka. Manyan katuna suna amfani da layi goma sha shida. RX 6600 yana amfani da takwas. RX 6500 XT kuwa huɗu kacal aka ba shi. Idan ya samu zubi na 4.0, hanyarsa za ta ɗauki kusan gigabait 8 a sakan. Idan aka saka shi inda sai 3.0, hanyar ta koma kusan gigabait 4.

Matsalar tana fitowa fili ne idan wasa ya cika gigabait huɗun da ke kan katin. A lokacin dole ya riƙa aika rarar kayansa zuwa ram yana ɗaukowa, kuma ta wannan ƙunƙuntar hanya zai bi. Sai hoto ya riƙa tsinkewa a daidai inda wasa ya yi zafi.

To, wa ke yanke zubin da za a samu? Masarrafi da uwar allo ne tare. Ryzen 5 5600G da Ryzen 5 5500 duka 3.0 suke bayarwa. Uwar allo mai B450 ko A520 ita ma 3.0 ce, ko da an ɗora mata masarrafin da ya iya 4.0. Ke nan mai sayen da ya zaɓi 5500 don ya fi araha, ya zaɓi A520 don ta fi araha, ya zaɓi 6500 XT don ya fi araha, ya yi ciniki uku da kowannensu ke da hujja, amma ya tashi da kwamfutar da ba ta ba shi abin da ya biya ba. Babu sashen da ya lalace, balle ya koma wa mai shago da ƙorafi. Ƙari a kan haka, RX 6500 XT ba shi da sashen da ke naɗar bidiyo da kansa, abin da ya shafi duk mai niyyar naɗar wasansa ko tace fim da wannan kwamfuta. A kan irin wannan uwar allo, RX 6600 mai layi takwas da gigabait 8 ba ya yin asarar da za a damu da ita. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zo daidai da lissafi.

Suna ma kan yaudari mai saye ta wata fuskar. GeForce RTX 3060 na Nvidia ya fito a 2021 da gigabait 12. A ƙarshen 2022 aka fitar da wani mai gigabait 8 da wannan suna, wanda hanyar ma'adanarsa ta fi ƙunci, saurinsa kuma ya gaza na farko.

4.0 Masarrafi da Uwar Allo da Ram

A nan ne ake iya tsuke bakin aljihu ba tare da an cutu ba. Mazaunin AM4 ya fito tun 2016, wanda ya gaje shi, AM5, ya zo a 2022 kuma ba ya karɓar ram sai DDR5. Tsufan AM4 shi ne amfaninsa, domin kayansa sun yawaita a kasuwa. Ryzen 5 5600 na 2022 yana da ƙwayar sarrafawa shida, yana bayar da PCIe 4.0 a kan uwar allo mai B550, kuma sabonsa yana zuwa da fankarsa a kwali. Ba ya fitar da hoto da kansa, sai da kati. Haka ma duk masarrafin Intel da sunansa ya ƙare da harafin F, kamar Core i3-12100F. Idan za a ɗora 5600 a kan tsohuwar B450, a tabbata an sabunta mata manhajar BIOS, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba.

Gigabait 16 na ram sun wadatar, amma a saye su guda biyu masu takwas-takwas maimakon guda ɗaya, domin masarrafi yana karanta biyu a lokaci guda. Rumbun ajiya kuwa, kowane SSD ya fi tsohon faifai mai juyawa nesa ba kusa ba. Bambancin SSD mai tsada da mai matsakaicin kuɗi da wuya ya bayyana a cikin wasa. Kwango mai gilashi da fitilu masu canza launi ba sa ƙara hoto ko guda.

5.0 Wuta da Zafi da Ƙura

Yawancin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne ga mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa, ɗakunansu kuma masu sanyi ne. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Damagaram yana da wani lissafin.

Akwatin wuta shi ne sashen da masu ƙaramin kuɗi suka fi rainawa, alhali idan ya mutu yana iya tafiya da sauran. Kwamfuta mai 5600 da RX 6600 ba ta kai cin wat 300 a wasa, don haka akwati mai wat 500 zuwa 550 na sanannen kamfani ya isa, kuma ya fi marar suna da aka rubuta wa 800 a jiki. Tambarin 80 Plus da ake gani a kansu yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da akwatin ya ja tana isa ga sassa, saura ta tafi a zafi. Ba shaidar kariya daga hawa da saukar wuta ba ce. Wannan aikin sitabilaiza ne da UPS, kuma kuɗinsu ya kamata ya shiga kasafi tun farko. A lura cewa lambar da ke jikin UPS ba wat ba ce. Mai 650 VA yakan ɗauki wat 360 zuwa 390 ne kawai, kuma allon kallo ma yana da nasa kason.

A nan ne arahar RX 580 ke raguwa. Wat 53 da ya ɗara RX 6600 sun zama wat-awa 212 a wasan awa huɗu. Ga mai batirin sola ko mai sayen man janareta, wannan kuɗi ne da ake biya kullum. Rarar wutar kuma zafi take zama a cikin kwango, a garuruwan da zafin bazara kan haura digiri 40. Sassan zamani ba sa ƙonewa nan take idan sun yi zafi. Rage gudunsu suke yi don su kare kansu, sai mai kwamfuta ya ga wasan da ke tafiya lafiya da safe ya fara nawa da azahar. Kwango mai raga a gaba da fanka biyu ko uku ya fi dacewa, a ɗora shi a kan tebur ba a ƙasa ba, a kuma riƙa hure masa ƙura akai-akai a lokacin hunturu.

6.0 Kayan Hannu

Masarrafi da ram ba su cika lalacewa ba, sayen na hannu a cikinsu dabara ce. Akwatin wuta kuwa sabo ya kamata a saya. Katin hoto shi ke tsakani. A ranar 15 ga Satumban 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙar da ake yi da katunan hoto, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, RX 580 na cikin waɗanda suka fi yawa. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, mai ƙwayoyin zane 2,048 maimakon 2,304, wato daidai da RX 570 mai daraja ƙasa da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su ma suna jan hankali, amma da yawansu suna da ƙananan akwatunan wuta da mahaɗai na musamman da ba sa karɓar babban kati. Bugu da ƙari, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da yawancin masarrafan Intel da suka gabaci zubi na takwas ba.

Kafin a biya kuɗin katin hannu, a sa mai shago ya ɗora shi a kan kwamfuta. Manhajar GPU-Z za ta nuna ainihin sunansa da yawan ƙwayoyinsa da layukan da yake amfani da su. A bar shi yana aiki da FurMark ko wani wasa mai nauyi na aƙalla minti ashirin, ana duban zafinsa, ana sauraren fankokinsa, ana kuma lura ko wasu ɗigogi ko layuka za su bayyana a allo. Idan rumbun ajiya ne, CrystalDiskInfo za ta faɗi awannin da ya yi yana aiki. Mai shagon da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, a bar masa kayansa.