Lauya a Ɗakin Karatu: Matsayin Malaman Wucin-gadi da Harshen Hausa Wajen Koyar da Dabarun Aikin Lauya

Tsakure

Wannan muƙala ta duba gudummawar lauyoyin da ke zuwa kotu kuma suke koyarwa a jami'a na 'yan sa'o'i. Ta nuna cewa a Arewacin Nijeriya dabarun aikin lauya ba sa cika sai da ƙwarewa a Hausar shari'a.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin shari'a a Nijeriya yakan shafe shekara 5 a jami'a yana nazarin ƙa'idoji, sannan ya yi shekara 1 a Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa bisa dokar 1962, kuma take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Shekara guda ba ta isa ta gogar da shi a kan ganawa da mai neman lauya, da tsara takardun ƙara, da yi wa shaida tambayoyi ba. Wannan giɓi ne malamin wucin-gadi yake cikewa, domin abin da ya gani a kotu da safe shi yake kawowa aji da yamma.

2.0 Harshe a Matsayin Dabarar Aiki

Da Ingilishi ake koyar da ɗalibi, amma manomin da zai kawo masa ƙorafi da Hausa zai yi bayani. Idan ya ce ya ba da gonarsa jingina, dole lauya ya bambance ta da aro da haya da sayarwa, domin a al'ada mai gona yana da ikon fansar abin da ya jinginar. Kuskuren fahimtar kalma ɗaya na iya raba iyali da gonar gado.

Haka kuma, a kotunan shari'ar Musulunci da Hausa ake gudanar da yawancin zama. Lauyan da bai san i'izari ba, wato damar ƙarshe da alƙali yake ba mai shari'a ya kawo sauran hujjarsa kafin hukunci, zai iya rasa dalili mai ƙarfi na ɗaukaka ƙara. A manyan kotuna kuwa, sashe na 36(6)(e) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta. Gane inda tafinta ya karkatar da magana fasaha ce da sai wanda ya saba da kotu yake iya koyarwa.

3.0 Ƙalubale

Zaman kotu yakan ci karo da lokacin darasi, kuma ba kowane gwanin kotu ne gwanin koyarwa ba. Bugu da ƙari, iliminsa yakan tafi tare da shi ranar da ya bar jami'a, saboda ba a rubuce yake ba.

4.0 Kammalawa

Ya dace sassan nazarin Hausa su haɗa gwiwa da tsangayoyin shari'a wajen tattara kalmomin da waɗannan lauyoyi suke aiki da su, a daidaita su, a kuma shirya kotunan gwaji da Hausa.